Ƙofar da Ake Bugawa: Gwamnatin Jiha Kamar Yadda Ake Ganinta Daga Batsari da Safana

A watan Mayun 2019, bayan 'yan bindiga sun kashe manoma 18 a ƙauyen 'Yargamji da ke ƙaramar hukumar Batsari, mutanen yankin ba su gaggauta binne mamatansu ba kamar yadda aka saba. Sun ɗora gawarwakin a mota, suka nufi birnin Katsina, suka kai su fadar Sarki domin masu mulki su gani da idonsu. Baƙin ciki ne ya kai su, amma tafiyar tasu ta tayar da tambayar da ta shafi kowa: idan abu ya ɓaci a ƙauye, ƙofar wa za a buga? Sarkin da suka je wurinsa ba shi da ɗan sanda ko ɗaya. Gwamna, wanda ake yi wa laƙabi da babban jami'in tsaron jiha, shi ma ba shi da shi. Ƙaramar hukumar da suka baro a gida kuwa, a wannan lokacin ba ta ma da zaɓaɓɓen shugaba.

Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, a yammacin Jihar Katsina, cikin ƙananan hukumomi takwas da rashin tsaro ya fi addaba. Daga irin wannan wuri ake ganin tsarin gwamnatin jiha tsirararsa, domin a nan kuskuren tsari yana iya zama asarar rai. Abin da ake gani kuwa shi ne, inda jama'a suka fi kuka da gwamnatin jiha a nan ta fi rauni, inda ta fi ƙarfi kuma a nan aka fi ƙyale ta ba tuhuma. Wanda ya gane wannan rabo ya san inda zai kai kukansa, ya kuma san abin da zai tambaya idan ya isa.

Rassa uku na iko

An cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987. A yau tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓun kansiloli 361. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya raba ikonta gida uku, kamar na kowace jiha: zartarwa, dokoki da shari'a.

Ikon zartarwa, bisa sashe na 5, na gwamna ne. Kwamishinoni da mashawarta da Sakataren Gwamnatin Jiha duk aron ikonsa suke yi, kuma yana iya sallamar kowanensu ranar da ya ga dama. Mataimakinsa kaɗai, wanda aka zaɓe su tare, ba ya koruwa da takarda. A ƙarƙashin kwamishina akwai babban sakatare da daraktoci da sauran ma'aikata. Kwamishina baƙo ne a ma'aikata, yana zuwa da gwamnati ya tafi da ita. Babban sakatare shi ne ɗan gida, shi ya san inda kowane fayil ya kwana. Idan za a gyara asibiti a Runka ko makarantar sakandare a Ruma, maganar tana farawa ne da takarda a ma'aikata, ta hau zuwa majalisar zartarwa ko teburin gwamna, ta sauko Ma'aikatar Kuɗi, ta ƙare a ofishin Akanta Janar, wanda shi ke sakin kuɗin. A kowace gaɓa takardar tana iya tsayawa, kuma mutumin Runka ba zai san a wane tebur ta tsaya ba.

Majalisar Dokoki tana da kujeru 34. Batsari na da ɗaya, Safana na da ɗaya. A takarda ikonta ba ƙarami ba ne. Ita ke yin doka, ita ke tantance kwamishinoni, ba a halatta kashe ko kwabo daga asusun jiha ba sai ta amince, tana iya kiran kowane jami'i ta bincike shi, tana kuma iya tsige gwamna. Mutanen wannan yanki sun taɓa ganin wannan iko a aikace. Lokacin da suke cikin Jihar Kaduna, majalisar da jam'iyyar NPN ta mamaye, ƙarƙashin kakakinta Mamman Abubakar Ɗanmusa, ɗan maƙwabciyar Safana, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, sannan ta tsige shi a watan Yunin 1981. Wancan rikicin jam'iyyu ne, amma ya nuna cewa majalisa tana da haƙora. Tun 1999 kuwa jam'iyyar gwamna ce ke da rinjaye a majalisar Katsina, kuma ɗan majalisar da ke neman tikitin komawa ya san wanda ke da ta-cewa a jam'iyya. Haƙoran suna nan, cizon ne ya yi ƙaranci.

Reshe na uku shi ne shari'a: Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a sama, kotunan majistare da kotunan shari'a a ƙasa. Manyan alƙalai gwamna ke naɗa su bisa shawarar majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, ƙananan kuwa hukumar ma'aikatan shari'a ta jiha ke ɗaukarsu, ta yi musu canjin wurin aiki, ta hukunta su. Talakan Safana da wuya ya taɓa shiga Babbar Kotu. Kotun da ya sani ita ce ta kusa, inda ake kai rikicin iyakar gona da gado da ɓarnar dabbobi. Wannan kotu ta jiha ce ɗungurungum, kuma yadda take yanke hukunci tsakanin manomi da makiyayi yana daga cikin abubuwan da ke sa mutum ya ci gaba da kai ƙara ko ya ɗauki doka a hannunsa.

Bindiga tana Abuja

Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya, kuma ta tarayya ce. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni, amma ya ba kwamishinan damar cewa a fara miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa ko ministansa kafin ya aiwatar. Sojoji da jami'an tsaron farin kaya da lasisin manyan makamai da harkar sadarwa duk suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu.

Ba haka kawai aka tsara wannan ba. Ruwa ba ya tsami banza. A zamanin En'e, Katsina tana da 'yan dokarta da kotunanta da gidan yarinta. A Jamhuriya ta Farko an yi ta kuka da yadda ake amfani da su wajen gallaza wa 'yan adawa, musamman magoya bayan NEPU, shi ya sa gwamnatin soja ta karɓe su a ƙarshen shekarun 1960. Sakamakon shi ne wani haɗi na daban. A Amurka da Indiya, jihar da ke zaɓen shugabanta tana da 'yan sandanta. A Nijar, gwamnan Maraɗi naɗaɗɗe ne daga Yamai, jami'an tsaro ma daga can suke, saboda haka kowa ya san inda alhaki yake. Najeriya ta ɗauko zaɓen gwamna daga tsari na farko, ta ɗauko 'yan sanda daga na biyu. Gwamna na sayen motocin sintiri, yana zuba mai, yana biyan alawus, amma ba shi ke cewa a tura runduna Wagini ko a janye ta daga Zakka ba. Shi ke ciyar da doki, linzami na hannun wani.

Duk abin da gwamnonin Katsina suka gwada, a cikin wannan ƙunci suka gwada shi. Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a zangonsa na farko, ya sake yi a watan Satumban 2019, har ya je bakin daji da kansa. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar, a ƙasar Batsari, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnan ya ce ya daina sulhu. A ƙarshen watan Agustan 2021 ya sa hannu a wani umarni da ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ya hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana, ya kuma hana sayar da fetur a jarka. Waɗannan yana da ikon yinsu. Katse layin waya kuwa, wanda ya biyo baya a watan Satumba, sai da hukumar sadarwa ta ƙasa ta ba da umarni. Nauyin matakan ya faɗa kan ɗan kasuwa da mai kiwo na gaskiya, da iyalin da ba su da hanyar kiran agaji idan an kawo hari. Gwamnan da ba shi da runduna yakan kama abin da hannunsa ke iya kaiwa, abin da hannunsa ke kaiwa kuwa shi ne kasuwa da hanya da sana'ar talaka.

Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya hau a 2023, ya bi wata hanya: ya kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, majalisa ta yi doka, aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023 da matasa fiye da 1,400 da aka ɗauko daga ƙananan hukumomin bakin daji. Wannan ita ce iyakar abin da jiha za ta iya yi a ƙarƙashin kundin yanzu, kamar yadda jihohin Yarbawa suka yi da Amotekun a 2020. Matasan sun san hanyoyin daji, sun san mutane, amma irin makamin da za su riƙe dokar tarayya ce ke ƙayyade shi, kuma ikonsu ya ƙare a iyakar Zamfara, alhali dajin bai ƙare a nan ba. Da aka shiga 2025, sai shugabannin al'umma a Batsari da Jibiya da Safana suka shiga zaman sulhu da kansu. Ko mutum ya yarda da wannan mataki ko bai yarda ba, yana nuna inda mutane suka koma bayan sun daɗe suna buga ƙofofi.

Asusu yana Katsina

Idan aka juyo ƙasa, sai hoton ya sauya. Gwamnan da ke roƙo idan ya dubi Abuja, shi ne mai kankane komai idan ya dubi Batsari.

Kuɗin asusun tarayya ana raba su ne kashi 52.68 cikin ɗari ga gwamnatin tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi. Kason Batsari da na Safana ana lissafa su da sunansu kowane wata. Sai dai sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke bi. A nan ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarauta da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage shi ke isa sakatariya. Manyan ma'aikatan ƙaramar hukuma, har da ma'aji, hukumar jiha ce ke naɗa su tana canja musu wuri. Zaɓen shugaba da kansiloli kuwa hukumar zaɓe ta jiha ke gudanar da shi, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta.

Tarihin kwanan nan ya nuna nauyin wannan hannu. A 2015 gwamnatin jiha ta rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi da ta gada. Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, amma sai a watan Mayun 2021, bayan wa'adinsu ya daɗe da wucewa. Ba a sake zaɓe ba sai a watan Afrilun 2022. Wato shekarun da hare-hare suka fi tsanani, Batsari da Safana sun yi su ne ba tare da shugaban da mutanensu suka zaɓa ba. A zaɓen Fabrairun 2025 jam'iyya mai mulki ta lashe kujeru 34 duka, kamar yadda aka saba gani a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ce ke kan mulki.

Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantomomi ya saɓa wa kundi. Hukunci ne mai girma, ko da yake aiwatar da shi bai zo da sauri ba. Amma ko kuɗin sun shiga kai tsaye, shugaban da ya san wanda ya ba shi tikiti zai ci gaba da duban Katsina kafin ya dubi kasuwar Batsari. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hakimi a gefe

Akwai tsani na huɗu wanda kundin 1999 bai ambata ba ko sau ɗaya. Sarkin Ruma shi ne Hakimin Batsari, Yariman Katsina shi ne Hakimin Safana. Ƙarƙashinsu akwai dagatai, waɗanda a ƙasar Katsina aka fi kira magaddai, sannan masu unguwanni. A da wannan tsani shi ne gwamnati. Ta hannunsa haraji da jangali ke bi zuwa baitulmali, kuma saboda harajin, mai unguwa ya san kowane magidanci, an kuma san kowace ruga da yawan shanunta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe mulkin daga hannunsa, gwamnatin Balarabe Musa kuma ta soke haraji da jangali. Talaka ya huta da zalunci mai yawa, amma ba a kawo wata hanyar da hukuma za ta riƙa sanin wanda ya shigo da wanda ya fita ba.

A yau sarauta tana ƙarƙashin dokar jiha, a hannun Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da Masarautu. Naɗi da tuɓewa sai da amincewar gwamna. Hakimi shi ake fara tasa da dare idan an kawo hari, shi ake fara zargi idan an ce akwai masu kai wa ɓarayi labari, kuma yana kwana a inda harsashi ke kaiwa: a 2020 an kashe Hakimin 'Yantumaki a gidansa, a ƙaramar hukumar Ɗanmusa. Yana da sani, ba shi da kasafi, ba shi da runduna. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma an ajiye tsani da jinka a wani gida.

Abin da ke hannun jiha

Idan an cire bindiga, abin da ya rage a hannun gwamnatin jiha yana da yawa, kuma a cikinsa saiwar matsalar take. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gandun daji da makiyaya da burtali lamarin jiha ne da ƙaramar hukuma. Idan an yanka burtali an mai da shi gona, ba daga Abuja aka sa hannu ba. Makarantun sakandare da manyan asibitoci da hanyoyin karkara na jiha ne. Firamare da ƙananan asibitoci hukumomin jiha ke tafiyar da su da kuɗin ƙananan hukumomi. Cikin koke-koken da makiyaya suka yi ta maimaitawa a zaman sulhun 2019 akwai cinye wuraren kiwo, da tsare 'yan uwansu ba shari'a, da kisan da 'yan sa-kai ke yi, da rashin makaranta da asibiti da ruwa. Babu ɗaya daga ciki da ya halatta kashe manomi a gonarsa. Amma kusan dukkansu suna cikin abin da jiha ke da iko a kai, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk waɗannan suna haɗuwa a takarda guda, wato kasafin kuɗi. Ma'aikatu ke tsara buƙatunsu, gwamna ya gabatar wa majalisa kafin ƙarshen shekara, kwamitoci su kira kwamishinoni su kare, a zartar, ya sa hannu. Daga nan ne ainihin labarin ke farawa, domin abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. Aiki yana iya fitowa a kasafi shekara uku a jere ba a aza tubali ko ɗaya ba. Jihar da mafi yawan kuɗinta daga asusun tarayya suke zuwa ba ta jin zafin tambayar mai biyan haraji, saboda haka sai an nemi wanda zai yi tambayar da gangan. Kundi ya tanadi Odita Janar na jiha, wanda ke miƙa rahotonsa ga majalisa, kwamitin binciken asusun gwamnati kuma ya bi diddigi. A 'yan shekarun nan jihohi, har da Katsina, suna sa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi a intanet. Takardun a buɗe suke. Masu karanta su ne ba su da yawa.

A nan ne 'yan bokon yankin suke da aikin yi, waɗanda ke Katsina da Kaduna da Abuja, masu tura kuɗin fansa da na jinya gida. Neman a gyara kundi domin jihohi su sami 'yan sandansu muhawara ce ta gaskiya, kuma tana buƙatar Majalisar Tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi; sanatan Katsina ta Tsakiya da ɗan majalisar wakilai na Batsari da Safana da Ɗanmusa su ne za a tambaya matsayinsu a kai. Wanda ya ga yadda jiha ke riƙe da ƙaramar hukuma yana da dalilin tambaya: wa zai riƙe gwamna idan an ba shi bindiga? Sauran tambayoyin kuwa ba sa jiran kowa. Nawa ne kason Safana na watan jiya, nawa ya isa sakatariya? Waɗanne ayyuka ne kasafin bana ya rubuta da sunan Batsari, nawa aka saki a kansu? Makarantu nawa ne ke rufe, ina malamansu suke karɓar albashi? Wa ya ba da izinin noma a cikin gandun daji? Kwana nawa ƙarar ɓarna take ɗauka a kotun kusa?

Kowace daga cikin waɗannan tana da ofishin da ya wajaba ya amsa ta, kuma dukkan ofisoshin suna cikin Jihar Katsina. Ɗan majalisa mai wakiltar Batsari da takwaransa na Safana suna da ikon kiran kowane kwamishina gaban kwamiti ya zo da takardunsa. Za su yi hakan ranar da suka tabbata cewa mutanen gida sun karanta kasafin, kuma za su tuna da shi ranar zaɓe.